Ranar da Akuyar Kaka Ta Shanye Teku

Har yau in na bi ta bakin rijiyar unguwarmu sai an sami wadda za ta ɗaga murya ta ce, "Ku matsa, ga mai teku nan, kar ta jiƙa ku." Sauran su kwashe da dariya. Ni ko juyawa ba na yi. Yawancinsu ba su taɓa ganin ruwan da ya fi cikin guga yawa ba, amma su ne da bakin magana. Tunda kowa ya ba da labarin nan yadda ya ga dama, har da masu cewa wai kuka na yi, to bari mai tekun ta ba da nata.

Bara waccan ne, a bazarar da sojoji suka karɓi mulki. Ina ajin ƙarshe na lakwal, wato makarantar boko, a nan Magariya. Wata rana malaminmu, mushe kamar yadda muke kiransa, ya zo da wani littafi mai hotuna ya ɗaga mana shi sama. Hoton ƙarƙashin teku ne. Ruwa shuɗi garau, haske na saukowa daga sama kamar ta ɓular rufin ɗaki, kifaye masu launi kamar an yanko su daga atamfa, ga kuma wasu jajayen itatuwa marasa ganye. Mushe ya ce itatuwan nan su ne murjani, cikin ruwan gishiri suke tsirowa, daga can ake saro su a yi abin wuya. Ya ƙara da cewa a ƙasar Turawa har a ɗaki ake ajiye ɗan ƙaramin teku cikin akwatin gilashi, a sa masa abin tace ruwa da fitila, mutum ya miƙe ƙafa yana kallo.

Ranar ban tsaya wasan hanya ba. Kakata, uwar babana, tana da murjani igiya guda da ta gada wajen uwarta. Murjanin na cikin kumbo, kumbon na cikin adaka, adakar na ƙarƙashin gado, Kaka kuma na kan gadon. Sai ranar salla yake ganin rana. Na same ta tana ɓarar gyaɗa, jar akuyarta na kwance a bakin ƙofa tana tuƙa.

"Kaka, kin san murjaninki itace ne?"

"Ubanki ne itace."

Ɗanta ta zaga, don haka ban ji zafi ba.

"Wallahi a teku yake tsirowa, kifi na yawo a tsakaninsa."

"A Kano yake tsirowa, ja'ira, a rumfar wani Balarabe. Uwata da ƙafarta ta je ta tsinko shi."

"To zan yi teku a gidan nan, in sa shi a ciki, ki ga yadda zai gane gida."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta jefa gyaɗa a baki.

"Ranar da kifi ya rayu cikin ruwan gishiri a gidan nan, ni da hannuna zan tsoma murjanin. In kuwa ya mutu, ko ya kusa mutuwa, in gasa abina in ci da yaji. Kin yarda?"

Na ce na yarda. Muka tafa. Akuyar tana kallonmu, kuma da na san abin da ke ranta da tun ranar na roƙi a kai ta kasuwar Sassumbrum.

Akwatin gilashi kawuna ne ya samo mini, ƙanen Inna, wanda ke bin kamiyon, babbar motar ɗaukar gyaɗa, zuwa Kano. Ya ce gidan wani tsohon batir ne da aka yar a bayan gareji. Kusurwa huɗu, kauri kamar ƙasan kwalba, yana cin ruwa kusan tulu guda. Na wanke shi da yashi, na wanke da sabulu, na sake wankewa da yashi, har fatar hannuna ta ce ta bar mini aikin. Kifi kuma a fadama na samo. Fari ya shanye tabkin can har ya koma kamar faɗin tabarma, kifayen ciki sun cunkushe suna neman wanda zai cece su. Na shimfiɗa gyalena na kwaso ƙananan karfasa uku, kowace ba ta wuce ɗan yatsana ba. Ba su da launin atamfa, launin tsohon kwano gare su. Na ce ba komai, in sun ga teku sa yi kyau.

Sai Baba ya shigo maganar. A shekarar nan rijiyarmu ta yi ƙasa, sai an ƙara igiya a kan igiya, kuma abin da guga ke fitowa da shi rabi ruwa ne rabi alkawari. Inna ke raba ruwan gidan da ƙwarya, kowa da kasonsa, kamar rabon naman layya. Baba ya tsaya a kan gilashin, hannu a baya.

"Ruwan gidan nan na mutane ne da dabbobi."

"Baba, kifi ma dabba ne."

"Dabbar da ba ta ba da nono, ba ta ba da taki. Ƙwaryar wankanki ita ce taki. Ki yi wanka da ita ko ki yi teku, ya rage naki. Amma ranar da kika tsoma moɗa a randa saboda kifi, ranar gilashin nan ya zama na innarki, ta zuba daddawa."

Na zaɓi teku. Kwanaki ina tara ruwan wankana har gilashin ya cika, ni kuma na koma abin da ƙuda ke rakawa lakwal. Inna ba ta faɗin sunana, ni ce ta fari, sai dai ta ce "waccan". Lokacin kuwa sai ta koma cewa, "A gaya wa waccan ta zauna ta bayan iska."

Matsalar ita ce kifi ƙazami ne. Wanda bai taɓa ajiye shi ba yana tsammanin mai kwana cikin ruwa ya fi kowa tsabta. Ƙarya ne. Nan yake ci, nan yake komai. Kafin a jima ruwan ya yi fari-fari kamar tsarin gero, ya fara wani ƙamshi da ya fi nawa. Kifayen suka taso sama suna buɗe baki kamar masu kiran a kawo ɗauki. In na zubar da ruwan ba ni da wani. Dole in tace shi in mayar.

Da kallabi na fara. Kallabi ya tare manyan datti, ya bar ƙananan suka wuce suna gaishe shi. Na ninka shi huɗu, duk ɗaya. Ina zaune ina tunani sai idona ya faɗa kan tukunyar tokar Inna. Tsohuwar tukunya ce mai ƙananan ɓuloli a gindi, ana cika ta da tokar kara, a zuba ruwa a sama, a tara kasko a ƙasa, ruwan toka na ɗiga na miya. Na ce ashe abin tace ruwan Turawa yana gidanmu tun kafin a haife ni, miya kawai muke yi da shi. Na juye tokar, na kakkaɓe tukunyar, na cika ta da yashi, na bi da ruwan tekuna ta ciki.

Kakkaɓewa ba wankewa ba ce, wannan na sani yanzu. Tukunyar da ta shekara goma tana shan toka, toka ta zama jikinta. Da hantsi karfasa biyu suka juya ciki sama. Kaka ta iso da ɗan ƙullin yajinta kafin in gama salati, kamar wadda aka aika wa goron gayyata. Ta gasa su a kan garwashi, duka biyun ba su kai loma ɗaya ba, amma ta yi ta taunawa tana lumshe ido tana kallona har aka kira azahar.

"Saura ɗaya," in ji ta. "Ki kula mini da ita, ta ɗan yi ƙiba."

Masu cewa na yi kuka, a nan suke cewa na yi. Hayaƙin garwashi ne.

Ta ukun ta tsira, don na cafke ta na jefa a ƙwaryar wankan ranar. Wata 'yar baƙa ce mai tsagaggen wutsiya, mai kallon mutum kamar ya ci mata bashi a wata duniya. Na ce wannan irina ce, ba za mu mutu don a ji daɗi ba.

Na sami wata fasasshiyar tukunya a bayan ɗaki wadda ba ta taɓa ganin toka ba, na huda gindinta da ƙusa a hankali. A ƙasa na jera tsakuwa. A kan tsakuwa na zuba gawayi da na daddaka na wanke, don na lura randar Kaka da take jefa wa gawayi ba ta yin wari. A kan gawayi yashin fadama, wankakke. A can sama tsumman kallabi. Na ɗora tukunyar kan duwatsu uku kamar murhu, na tara kasko a ƙasa. Safe da yamma in ɗebi rabin tekun in juye a sama, in zauna ina jin ɗis, ɗis, ɗis. Ruwan farko ya fito baƙi, na kusa jifa da tukunyar. Na biyu ya fito kamar shayi. Daga na uku sai ga shi garau, har ya fi wanda muke sha. In zan mayar kuma daga sama nake tsiyayawa, ya sauka yana kumfa, don na ga duk lokacin da na yi haka kifin na daina buɗe baki a sama ya koma ƙasa yana harkarsa.

Ranar na yi wanka. Inna ta ce a gaya wa waccan an gode.

Sai maganar haske. A hoton mushe hasken ne rabin kyan. A ɗakinmu na fara ajiye gilashin, amma ɗakin ƙasa ne mai taga kamar idon allura, in ka leƙa ba ka ganin komai sai fuskarka. Na roƙi Inna fitilar ƙwai, ta ce kananzir ɗin da ba ya isar mutane ba za a ƙona wa kifi ba, in yana son karatun dare ya tafi makarantar allo. Na fito da shi tsakar gida. Rana ta bazara ta same shi, kafin azahar ruwan ya yi zafin da za a iya dama koko, kifin ya lafe a kusurwa yana zagina da ido. Na ja shi gefe inda rana ke wuni kaɗan-kaɗan, sai gilashin ya fara kore, gansakuka ta rufe shi kamar an shafa miyar kuka.

Na yi ta yawo da teku a gidan nan kamar mai talla. Daga ƙarshe na sami wurin. Gefen rumfar Kaka, ta gabas, akwai wani tsohon turmi da aka kife. Rana na leƙa wurin da sassafe, tana da sanyi tukuna, kafin ta yi zafi inuwar rumfa ta rufe. Na ɗora gilashin kan turmin. Na aro madubin Inna, wanda ta ce ba ta ara mini ba, na jingina shi a baya, ya riƙa mayar da hasken cikin ruwan. Wallahi da safe in ka durƙusa, sai ka ga haske na yawo a ƙasan gilashin kamar zare-zaren zinariya, 'yar baƙar karfasar nan ma sai ta yi wani sheƙi a gefe, shuɗi-shuɗi. Na rufe saman da faifai saboda ƙura da kaji.

Abin da ban lissafa ba shi ne tsawon turmi daidai yake da wuyan akuya.

Saura gishiri. Toka ta koya mini hankali, don haka ban yi gaggawa ba. Na gutsuro gishirin mangul a madafa, na niƙa, kullum in sa ɗan abin da yatsa biyu za su ɗauka, in tsaya in ga fuskar kifin. Bai ce komai ba. Gobe in ƙara. A hankali ruwan ya kai in ka ɗanɗana sai ka ji kamar miyar gidan da ba a rowa. Na kai wa Kaka a ludayi.

Ta taɓa da harshe, ta tofar.

"Wannan ai hawayenki ne kika tara."

"Gishiri ne. Kuma ga kifi can yana iyo."

"Yau yana iyo. A bar shi ya kai Juma'a."

Na ce ko Juma'ar baɗi ce.

A kwanakin nan na lura akuyar Kaka ta canza wurin kwanciya. Da a bakin ƙofa take, yanzu sai gindin turmi, ita da 'ya'yanta biyu. Na ɗauka kallon kifi take yi. Har na ji daɗi, na ce a gidan nan dai akuya ta fi mutane son ilimi. Na manta cewa tun da fari ya tsananta Kaka ta daina saya mata kanwa. Dabbar da ta yi watanni ba ta lasa ba, ga ƙamshin gishiri na tashi a saman kanta safe da yamma.

Ranar Juma'a na tashi da wuri. Na ɗebi rabin ƙwarya daga tekun na juye a tukunyar tacewa, na karɓi kasona na ruwa na yi wanka da shi duka, har bayan kunne, don ranar nasara ce. Ina cikin ɗaki ina ɗaura zane na ji wani sauti, zuuut, zuuut, kamar ana jan fura da bakin ƙwarya.

Na fito. Faifan na bakin ɗan akuya ɗaya, ya cinye rabi. Uwar ta dafa turmi da ƙafafun gaba, kanta ya shige gilashin har kafaɗa. Cikinta ya yi kamar gangar da za a kai biki. Ɗayan ɗan yana jiran layi. Na yi ihun da aka ce an ji shi har garin Mallawa. Kafin in fizgo ta, tekun da na yi makonni ina ginawa da ƙazantar jikina ya koma abin da bai rufe gaɓar yatsa ba. Kifin na kwance a gefe ɗaya yana fal-fal a kusurwa.

Na juya ga randa. Tana nan cike, moɗa a kai, taku kaɗan. Inna na tsaye a bakin madafa tana kallona, na san a ranta ta fara auna daddawa. Na bar randa. Na ruga ga kaskon tacewa, abin da ya ɗiga bai fi cikin tafi biyu ba. Na karkata gilashin na juye, ruwan ya rufe bayan kifin da ƙyar. Ya miƙe, yana numfashi sama-sama. Wannan ɗan ruwan in rana ta ɗaga zai yi zafi kafin a tafi masallaci, kasona na gaba kuma sai gobe.

Sai ga Kaka, ƙullin yaji a hannu.

"Ya kusa mutuwa. Haka muka yi da ke, ko ya kusa."

Na wuce ta. Na kwance igiyar shanya, na zarga wa akuyar a wuya, na ja. Tana tirjewa, ruwa na kuka a cikinta kamar tulun da bai cika ba a kan jaki. Na ratsa tsakar gida da ita har zaure.

Dalilin zaure shi ne wannan. Baba na da lambun rogo a fadama, kuma duk garin nan an san shi a kan ɓarna. Dabba ta taɓa masa ganye ɗaya, sai ya kamo ta ya ɗaure a turken zaure, ba ta tafiya sai mai ita ya zo an yi magana ya biya. Mako guda kafin ranar ma ragon wani makiyayi ya wuni a turken nan. Na tarar da Baba zaune da abokansa biyu suna jiran lokacin masallaci. Na durƙusa na gaishe su yadda ya kamata, sannan na ɗaure akuyar a turken, ƙulli biyu.

"Ke, lafiya? Akuyar Iya ce fa."

"Na sani, Baba. Ɓarna ta yi. Na kama ta a ciki, ga bakinta nan jiƙe. Ba za ta tafi ba sai mai ita ta biya."

Ɗaya daga cikin abokan ya gyara zama, ya ce yau ba a banza ya fito ba.

Kaka ta iso tana haki, yajin na hannunta har yanzu. Ba ta shiga zauren ba, ta tsaya daga bakin ƙofa ta ciki.

"Kai, ka ce wa 'yarka ta sakar mini dabba. Tun da nake ban taɓa jin an kama akuya a gidan ubangijinta ba."

"Me ta ɓata?" in ji Baba.

"Teku," na ce.

Abokan suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Baba ya shafa gemu.

"Ke kika sa gishiri. Wa ke ajiye gishiri a hanyar akuya?"

"Ka ji dai," in ji Kaka. "Ita ta kira ta."

"Baba, ranar da makiyayin nan ya ce rogonka ne ya yi kore shar ya ja hankalin ragonsa, me ka ce masa?"

Baba ya sosa ƙeya. Abokin nan mai gyara zama ya amsa a madadinsa, don yana wurin ranar.

"Cewa ka yi rogonka bai tashi ya bi rago ba, ragon ne ya zo. Ka ce dabba ba ta da hankali, mai ita ke da shi."

"Lambuna da shinge," in ji Baba. "Nata fa?"

"Da shinge. Faifai ne. Ɗanta ya cinye shi, ragowar na tsakar gida in ana son gani."

Nan ɗayan abokin ya kasa riƙewa, ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Baba ya dubi abokansa, ya dubi turke, ya dubi ƙofar da uwarsa ke tsaye. Na ga gumi a goshinsa. In ya ce ba ɓarna ba ce, gobe duk makiyayin da ya kama zai tuna masa da yau, ga shaidu biyu masu bakin kasuwa. In ya ce ɓarna ce, uwarsa ce. Ni dai rana nake kallo ta ƙofar zaure, tana hawa.

"Iya," ya ce da ƙaramar murya, "a yi haƙuri. Ɓarna ce."

"Ni ka yanke wa hukunci? Ni da na goye ka har Kance da ƙafa?"

"Ba ni ba ne, Iya, al'ada ce. Abin da aka ɓata shi ake biya. Ruwa ta sha, ruwa za a mayar."

Kaka ta faɗi abubuwa da dama a kan Baba, da ni, da lakwal, da wanda ya fara kawo gilashi ƙasar nan. Ba zan rubuta su ba, takarda za ta ƙone. Amma ta juya ta shiga ɗakinta, ta fito da tulunta, kasonta na ranar da wanda ta ɓoye na jiya, ta dire shi a gabana har ya fantsama.

"Ungo. Allah ya sa ya shaƙe."

Na kwashi tulun a guje. Na tsiyaya daga sama a hankali, yana kumfa. Kifin ya yi tsaye cik, ya karkaɗa tsagaggen wutsiyarsa, ya zagaya gilashin sau ɗaya kamar mai duba ko an sace masa wani abu, sannan ya koma kusurwarsa yana harara. Sai da na ga haka na koma zaure na kwance akuyar. Ta bi ni a baya, wai ko da ƙari.

Da la'asar na je karɓar alkawari. Kaka ta ce babu alkawari, ruwan da ke ciki yanzu na tulunta ne, babu gishiri, kuma wa ya san ko na da ma da gishirin kirki.

"Kaka, akuyarki ta taɓa hawa turmi don ruwan randa?"

Ta kau da kai, na ci gaba.

"Ga kwatarniyarta can da ruwa tun safe, ko kallo ba ta yi ba. Ta tsallake ta ta zo ta shanye nawa. Ita ce shaidata. In kin ce ƙarya take, ki faɗa a gabanta."

Ta dubi akuyar, wadda ke kwance tana nishi, cikinta ya bazu gefe biyu. Na ga bakin Kaka na motsi, tana danne dariya kamar mai danne tari.

"Duk gidan nan an haɗe mini kai, har da dabbata."

Washegari da sassafe, kafin rana ta leƙo, aka ja adaka daga ƙarƙashin gado. Ni kuma na riga na sa ɗan mangul na farko, na samo tsohuwar rariya ta ƙarfe na kife a sama na danne da dutse. Kaka ta zo da kumbonta, ta ce in ja da baya, ba na taɓawa. Ta ɗaga rariyar, ta nannaɗe hannun rigarta, ta yi bisimilla, ta sauke murjanin a hankali har ƙasa. Ya kwanta a lanƙwashe a ƙasan gilashin. Sai rana ta iso, ta bugi madubin Inna, ta dawo cikin ruwan.

Ban san murjanin nan ja ne haka ba. A wuyan Kaka ranar salla kamar busasshen barkono yake. A nan sai ya kama kamar garwashi, jan ya bazu a ruwan, haske na rawa a kansa. Kifin ya fito daga kusurwa, ya matso, ya ja baya, ya sake matsowa, ya ɗan ciji ƙwaya ɗaya, sannan ya bi ta cikin lanƙwasar ya fita ta ɗaya gefen. Inna ta bar tsintsiya ta zo. Baba ya wuce da butarsa, ya yi kamar ba ya kallo, ya dawo ya sake wucewa.

Kaka ta jawo kujerarta ta zauna dab da turmin, ta ɗora sanda a cinya. Akuyar ta taso tana shinshina iska, ta sha sanda a gindi ta koma.

"To, Kaka? Ya gane gida ko bai gane ba?"

Ba ta ɗauke ido daga gilashin ba.

"Na Kano ne," ta ce. "Matsa, kin tare mini haske."